Bazara Ce Lokacin Toshe wa Ƙwari Hanya

Sharhin yau ya shafi ƙwari da ɓerayen da ke zama tare da mutane a cikin gidaje, da kuma dalilin da ya sa makonnin bazara, wato lokacin zafin da ke shiga tsakanin ƙarshen hunturu da saukar ruwan farko, suka fi kowane lokaci dacewa da yaƙi da su. A ƙasar Hausa bazara takan kama daga watan Maris zuwa Mayu, inda zafin rana a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, iskar hunturu mai ƙura ta ja da baya, iska mai laima ta fara busowa daga kudu, hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa. Yawancin magidanta ba sa tuna maganar sauro da ƙuda da gara sai damina ta kankama, ruwa ya kwanta a lunguna, yara sun fara zazzaɓi, alhali kuwa a lokacin aikin ya riga ya fi ƙarfin tsintsiya.

Hikimar gaggawa a wannan lokaci tana cikin halittar ƙwarin kansu. Ƙwaro ba shi da ɗumin jiki na kansa irin na mutum ko akuya, jikinsa yana bin zafin wurin da yake, saboda haka ɗumi yana hanzarta ƙyanƙyasar ƙwansa da girman tsutsarsa, har ƙudan gida yakan tashi daga ƙwai ya zama mai fiffike cikin kwana 7 zuwa 10, sauro kuma cikin kwana 10 zuwa 14 ko ƙasa da haka. Abin da ke taka musu birki a tsakiyar bazara shi ne fari, domin tsananin zafi ba tare da laima ba yana busar da ƙwai da tsutsa, ya tilasta wa waɗanda suka rage su fake a 'yan wurare masu danshi, kamar gindin randa, da bakin rijiya, da kwata, da masai, da turken dabbobi. Ma'anar haka ita ce, kafin ruwa ya sauka maɓoyar ƙwari a gida ba ta wuce abin da za a ƙirga da yatsun hannu ba, amma da zarar sama ta zubo, kowane rami da kowane fasasshen kasko a unguwa ya zama wurin haihuwa. Mai gidan da ya yi aikinsa a watan Afrilu yana fuskantar ƙalilan, wanda ya jira Agusta kuwa yana fuskantar jikokinsu da tattaɓa-kunnensu a lokaci guda.

Masana lafiyar muhalli suna da tsarin da suke kira haɗakar dabarun yaƙi da ƙwari, wanda ginshiƙinsa shi ne a fara gane ƙwaron da irin rayuwarsa, a hana shi abin da yake rayuwa da shi, a toshe masa hanyar shiga, sannan a bar guba ta zama matakin ƙarshe idan sauran sun gaza. Abin da kowane ƙwaro ke nema a gidan mutum bai wuce ruwa da abinci da maɓoya ba. Bahaushe ya riga ya faɗi biyu daga cikinsu tun da daɗewa, da ya ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, ya kuma ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duka karin maganar biyu suna mayar da alhaki kan mai gida, kuma ilimin zamani bai yi komai ba face ya tabbatar da su da awo da ƙididdiga.

Ruwa ne ya kamata a fara da shi, saboda shi ne ke haifar da sauro, sauro kuwa shi ne mafi kisa a cikin dukan ƙwarin gida. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami kamuwa da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 249 a duniya, mutum 608,000 suka rasu, kuma Najeriya kaɗai ta ɗauki kusan kashi 27 cikin ɗari na masu kamuwa da kashi 31 na mamatan, yayin da Nijar ta zo ta uku a yawan mace-macen, mafi yawansu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Sauron da ke yaɗa wannan cuta, wanda masana ke kira Anofilis, macensa ce ke cizo, tana neman jini ne domin ƙwanta ya nuna, kuma takan zuba ƙwai 50 zuwa 200 a lokaci guda a kan ruwa mai ɗan tsabta da rana ke dukansa, irin wanda ke taruwa a sawun kofaton shanu, da ramukan da aka haƙa ƙasar gini, da gefen kududdufi. Saboda haka cike ramukan ƙofar gida da ƙasa, da daidaita tsakar gida yadda ruwa zai gangara ya fita, da gyara indararo domin kada ya haƙa gurbi a gindin bango, aiki ne na kare rai, kuma ya fi sauƙi a yi shi ƙasa tana bushe.

Akwai nau'i na biyu, mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafa, wanda ake kira Edis, shi ne ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, kuma ya bambanta da na farko ta fuska biyu, domin da rana yake cizo, sannan a cikin mazubin ruwa na gida yake haihuwa. Macensa tana manna ƙwai a jikin randa ko ganga ko tsohuwar taya, daidai saman inda ruwa ya tsaya, kuma ƙwan yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba, sai ranar da ruwa ya sake taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Wannan ne ya sa zubar da ruwan kawai ba ya wadatarwa, dole sai an goge cikin mazubin da soso sosai. Duk wanda ya ɗaga murfin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba, ya haska fitila a ciki, zai iya ganin wasu 'yan tsutsotsi sirara suna rataye a saman ruwa, da zarar inuwa ta faɗa musu sai su yi ta wutsil-wutsil zuwa ƙasa, kuma waɗannan su ne sauron mako mai zuwa. Tun da tsutsar tana buƙatar kusan mako guda kafin ta yi fiffike, wanke randa da ganga da mazubin ruwan kaji sau ɗaya a kowane mako yana katse zuriyar gaba ɗaya. Batun ya ƙara nauyi tun 2020, lokacin da aka gano a jihar Gombe wani baƙon Anofilis mai asali daga Asiya, wanda aka fara gani a Afirka a ƙasar Jibuti a 2012, wanda kuma yake haihuwa a tankunan ruwa na birni ko da rani ne. Bazara lokaci ne na ƙarancin ruwa, kowa yana tara shi a jarkoki da tankuna, don haka murfi mai kama baki da kyau ya zama wajibi.

Bayan hana sauro haihuwa sai hana shi shiga ɗaki. Sauron zazzaɓi ya fi shiga ta ratar da ke tsakanin saman bango da rufi, yana bin warin jiki da numfashin masu barci, kuma wani bincike da aka yi a ƙasar Gambiya, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa sanya raga a tagogi da ƙofofi da toshe wannan rata sun rage sauron cikin ɗaki da fiye da rabi, suka kuma rage ƙarancin jini a jikin yara. Gidan sauro mai magani yakan yi aiki na kimanin shekara uku ko wanki 20, a inuwa ake shanya shi domin rana tana kashe maganin, kuma bazara ce lokacin fito da shi a duba ɓula a ɗinke, musamman da yake zafi yana kora mutane su kwana a tsakar gida, inda ya kamata a kafa masa sanduna kamar yadda ake ɗaura shi a ɗaki. Ranar yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ta duniya tana faɗowa 25 ga Afrilu, wato a tsakiyar bazarar ƙasar Hausa, kuma babu ranar da ta fi ta dacewa a mayar da ita ranar duba raga da gidan sauro a kowane gida.

Abu na biyu shi ne abinci, kuma a nan ɓera ne kan gaba. Ɓarnarsa ba ta tsaya ga cin hatsi da yayyaga tufafi da gwigwiyar wayar lantarki ba, domin akwai wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa, wanda kan haifi 'ya'ya fiye da goma a ciki ɗaya, da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Ɓeran ba ya ciwo da ita, amma yana zubar da ƙwayar a fitsarinsa da kashinsa, mutum kuma ya kamu idan ya ci abincin da suka taɓa ko ya shaƙi ƙurarsu. Cutar ta fi tsananta a Najeriya daga watan Disamba zuwa Afrilu, lokacin da daji ya bushe ko aka ƙone shi, ɓeraye suka nufo gidaje neman abinci, kuma jihohin Bauci da Taraba suna cikin waɗanda Hukumar Daƙile Cututtuka ta Najeriya ta fi samun rahoton masu kamuwa daga cikinsu. Kusan mutum huɗu cikin biyar da suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma ciwon na biyar ɗin yakan yi tsanani, wasu daga cikin waɗanda suka warke ma sukan rasa ji. Kariyar tana cikin ajiye gari da shinkafa da gero a mazubi mai murfi, da daina shanya abinci a ƙasa ko a gefen titi, da wanke kwanonin tuwon dare kafin a kwanta, da toshe ramuka da siminti ko yumɓu mai tsakuwa, a tuna cewa ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta ramin da faɗinsa bai wuce kaurin fensir ba. Idan aka ga kashin ɓera, a jiƙa shi da ruwan bilic kafin a share domin kada ƙura ta tashi, mushensa kuma a ɗauke shi da leda a hannu a binne. Rage ɓera yana rage maciji, domin maciji abincinsa yake bi. Malamai sun daɗe suna karantar da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya yi umarni da rufe ƙorai da ɗaure bakin salka da kulle ƙofa da kashe fitila idan dare ya yi, har ya ambaci ɓera a matsayin mai iya jan lagwani ya ƙone gida.

Rumbu da ɗakin ajiya suna da nasu maƙiyin, wato ƙwaron wake, wanda ke zuba ƙwansa tun wake yana gona, tsutsarsa ta shige cikin ƙwayar tana ci daga ciki, ta fito cikin mako uku zuwa huɗu ta bar ɓula. Waken da aka adana tun kaka yakan kai bazara ya riga ya ga zuriya da yawa, zafi kuma ya ƙara musu sauri, shi ya sa buhun da aka ɗaure lafiya a Nuwamba ake buɗe shi a Afrilu a tarar da gari da wari. Magabata sun san cuɗa wake da toka ko yashi, da sa ganyen darbejiya ko barkono, da ɗora rumbu a kan duwatsu domin ya rabu da danshi da gara. A kan irin wannan fahimta ne masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na Kamaru da Nijar da Najeriya, suka samar da buhu mai ruɓi uku da aka sani da PICS, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma daga 2007, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure kowane ruɓi dabam, ƙwarin da ke ciki sukan cinye iskar da ta rage su mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba, kuma jarka ko gangar ƙarfe mai murfi da aka cika maƙil aka toshe tana yin wannan aikin.

Ƙuda da kyankyaso kuwa juji da masai ne gidansu. Macen ƙuda takan zuba ƙwai kusan 500 a rayuwarta, a kan kashin dabbobi da ruɓaɓɓen abinci, kuma tana tashi daga najasa ta sauka a kan fura ko bakin yaro, ta haka take taimaka wa yaɗuwar gudawa da atuni, wani ɗan'uwanta mai son ido kuma yana yaɗa amosanin ido, cutar da ke kai wa ga makanta. Kyankyaso yana wuni a ramin masai da kwata ya fito da dare ya bi kwanoni, kuma ɓurɓushin jikinsa da kashinsa suna tayar da asma, musamman ga yara. Murfi a bakin masai, da kwashe takin turke zuwa gona kafin ruwa ya jiƙa shi, bazara kuwa dama ita ce lokacin kai taki, da kwandon shara mai murfi da ake zubarwa kullum, sun fi kowace kwalbar feshi tasiri a kan waɗannan biyun.

Abu na uku shi ne maɓoya. Al'adar yaɓe, wato shafe bango da rufin soro da sabuwar ƙasa kafin damina, an san ta ne da kare gini daga ruwa, amma tana toshe tsagar da kyankyaso da kunama da ɓera ke fakewa a ciki, kuma tana ba magini damar ganin aikin gara tun bai yi nisa ba. Alamar gara ita ce siririyar hanyar ƙasa da take ginawa a jikin bango, mai kama da jijiya, wadda ke tashi daga daɓe ta nufi katako, domin gara ba ta jure haske da bushewa, a cikin wannan rufaffiyar hanya take tafiya. Idan aka ƙwanƙwasa ƙyauren ƙofa ko sandar rufi aka ji amon wofi, to ta riga ta cinye cikin ta bar ɓawo. Azarar giginya ta yi suna wajen jure mata, sauran katako kuwa bai kamata ya taɓa ƙasa kai tsaye ba, haka nan itacen girki da karan dawa da tsofaffin kwalaye a nisanta su da bango. Shingen da ke cika gindin fitila a daren ruwan farko su ne sarakuna da sarauniyoyin gara masu zuwa, waɗanda ke zubar da fiffike su haɗu bibbiyu su nemi ƙasa mai laima su kafa sabon gida, don haka danshin da ake bari a gindin bango gayyata ce gare su. Kunama ma tana yawaita fitowa da zafi, kamar yadda mutanen Agadas suka sani sarai, kuma kakkaɓe takalmi da shimfiɗa kafin amfani, da kwashe tarin duwatsu da bulo daga inda yara ke kwana, suna hana harbi da yawa.

Kuɗin cizo yana buƙatar bayani na dabam, domin zuwansa ba shaidar ƙazanta ba ce, a cikin kaya yake tafiya, a akwatin ɗalibin da ya dawo hutu daga makarantar kwana, ko a katifar da aka saya ta hannu. Ana gane shi da baƙaƙen ɗigo kamar na tawada a ɗinkin katifa da mahaɗar katakon gado, yana iya yin watanni bai sha jini ba, kuma ya saba da yawancin magungunan feshi. Abin da ba ya jurewa shi ne zafi, domin digiri 50 yana kashe shi har da ƙwansa, saboda haka tafasasshen ruwa a mahaɗar gado, da wanke zannuwa da ruwan zafi, da ɗaure ƙananan kaya a baƙar leda a ajiye a tsakiyar ranar bazara wuni guda, makamai ne da wannan lokaci ke bayarwa kyauta.

Daga nan sai maganar guba, wadda ita ce mafi yawan mutane ke fara kai hannu gare ta. Abin da ake kira fiya-fiya, wanda ake sayarwa a kwalabe marasa suna, yawanci sinadarin dikilobos ne, maganin gona mai aiki ta hanyar rikita saƙon jijiyoyi, kuma yadda yake yi wa ƙwaro haka yake yi wa mutum. Alamomin shaƙarsa ko shansa su ne dalalar miyau, da gumi, da amai, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da sarƙewar numfashi, kuma abin yi shi ne a fitar da mutum iska, a cire masa tufafi a wanke jikinsa, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, ba tare da an ɗura masa manja ko madara ko an sa shi amai ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya saboda ragowar wannan sinadari, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta ɗauki matakin taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Ƙwayar da ake sa wa hatsi a ma'ajiya ta fi shi haɗari, domin idan ta sha laima tana fitar da iskar fosfin mai kisa, wadda ke ratsa buhu da tsagar bango, saboda haka haramun ne a sa ta a ɗakin da ake kwana ko wanda ke manne da shi. Shinkafar ɓera ma tana kama da abin ci a idon yaro, tarko da kyanwa sun fi ta aminci. Inda feshi ya zama dole, a sayi wanda aka yi domin gida mai lambar rajista, a fitar da yara da abinci, a buɗe tagogi kafin a koma, kuma kada a taɓa zuba magani a kwalbar lemo.

Duk wannan aiki yana da iyaka idan gida ɗaya ne ya yi shi, domin sauro da ɓera ba su san katanga ba, kuma kwatar maƙwabci da ta toshe tana iya lalata ƙoƙarin layi guda. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, waɗanda ke shiga gida su leƙa randa da masai su ci tarar mai sakaci, kuma jami'an lafiyar muhalli na ƙananan hukumomi su ne magadansu, waɗanda ya kamata a ba su kayan aiki su fito zagaye tun a watan Afrilu. Ranar tsaftar muhalli da ake yi a Asabar ɗin ƙarshen wata a jihohi irin su Kano za ta fi amfani idan masu unguwanni da limamai suka mayar da ta Afrilu da ta Mayu aikin gayya na yashe magudanan ruwa, hukuma kuma ta kawo motar da za ta kwashe abin da aka yaso kafin ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Iyaye su kuma su karɓi maganin rigakafin zazzaɓi na damina da ake raba wa yara daga wata 3 zuwa wata 59, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ga yankin Sahel tun 2012.

Abin da ake nema daga kowane magidanci bai wuce zagaye ɗaya na gidansa a wannan mako ba, ya fara daga randa da tanki, ya bi ta madafi da ɗakin ajiya, ya duba masai da turke, ya ƙare da bango da rufi, duk abin da ya gani a buɗe ya rufe, duk abin da ya tsage ya toshe, duk abin da ke iya tara ruwa ya kife. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma kwanakin da suka rage kafin ya zubo sun isa a gama wannan aiki idan aka fara yau.